Ƙwaya goma, gurbi sha biyu: lamarin sabuwar kwamfutar gidan hoton Kawu

Kwana uku bayan Ƙaramar Sallar 2024, wadda ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, Kawu ya kira ni da la'asar. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba.

"Kai, mi ka sa wa na'urar nan? Tun azahar take niƙa hotunan mutane, har yanzu shiru. Ga dangin amarya sun cika mani shago."

Na ce, "Kawu, wacce daga ciki? Tsohuwar ko sabuwar?"

"Sabuwar mana! Tsohuwar ai ba ta taɓa kunyata ni ba."

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, yana da gidan hoto a wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Wanda ya san sana'ar ya san watan Shawwal shi ne kakarsu: aurarrakin da aka jingine saboda azumi duk sai su sauko lokaci guda, ga hotunan Sallah na yara. Tun ina ɗalibi na rubuta masa wata 'yar manhaja da yaren C#, wadda aikinta bai taka kara ya karya ba. A nuna mata jakar hotunan biki, ta gyara hasken kowanne, ta fitar da kwafi biyu, ƙarami na turawa a WhatsApp da babba na wanki, ta manna tambarin shagon a gefe. Shekara biyar tana wannan aiki a kan tsohuwar kwamfutar tebur mai firosesa (wato ƙwaƙwalwar lissafin na'ura) Core i7-7700, wadda Intel ta fitar a farkon 2017, da ram (wurin da na'ura ke baza kayan da take aiki a kansu) gigabait 16. Biki mai hoto 2,400 kan ci mata minti 25 ko kusa da haka.

Abin da ya raba Kawu da ita kuɗin mai ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, kunna janareta don kwamfuta ɗaya ya zama asara. Firosesar tsohuwar kaɗai an tsara ta a kan wat 65, ban da allo da sauran tarkace. Sai ya yi aike Kano aka sayo masa laftof mai Core i7-1255U, 'yar 2022, wadda aka tsara a kan wat 15, da ram gigabait 8. Mai sayarwar ya ce masa ƙwaya goma gare ta, tsohuwar kuwa huɗu. Bai yi masa ƙarya ba. Kawu ya yi lissafinsa na ɗan kasuwa: goma ta ninka huɗu har da ɗori, ke nan aikin minti 25 zai dawo minti goma. Ni ma, in faɗi gaskiya, da ya gaya mini ban musa ba.

Ƙwaya a nan ita ce kowane injin lissafi mai cin gashin kansa da ke cikin firosesa. Ranar da na fara kiran ta haka a shago, yaron da ke taya Kawu aiki ya tuntsire da dariya, ya ce, "Yaya, rufa mana asiri, kada a ji muna ajiye ƙwayoyi a nan." Sunan dai ya zauna.

Cuta ta ɓuya gaban likita

Daren ranar na ɗauko laftof ɗin zuwa gida tare da katin hotunan bikin. An kawo wuta, na jona caja, na buɗe manhajar, na zuba mata ido. Minti 22 ta gama. Na sake, minti 23. Ba ta burge ni ba, amma ba ta yi abin da Kawu ya faɗa ba. Da safe na mayar masa ina ɗan murmushi, na ce wataƙila yaron ne ya danna wani abu. Yaron ya rantse bai taɓa komai ba, ni kuma a raina na ɗora masa laifin. Da yamma suka sake kira: wani bikin, wata awa ɗaya da rabi.

Ruwa ba ya tsami banza. Washegari na ɗauki kujera na zauna a shagon tun hantsi, na ce kowa ya yi aikinsa kamar ba na nan. Cikin minti biyar na ga abin da ban yi ba a gida. Da farko babu wuta, laftof ɗin a kan batir take. Na biyu, yaron yana danna "fara" sai ya sauke tagar manhajar ƙasa, ya buɗe Photoshop yana goge ƙurajen fuskar wani ango, ga burauza a buɗe da shafuka wajen goma. Na uku, shagon kansa tanda ne. Rufin kwano, watan Afrilu, zafin waje yana neman digiri 40, laftof ɗin kuma a kan tebur mai shimfiɗar leda da ta toshe mata rabin ƙofar iska.

Na buɗe Task Manager, tagar Windows mai nuna yadda na'ura ke aiki, na sa ya nuna kowane gurbin aiki daban. Akwatuna 12 suka fito. Huɗun farko kusan a kwance suke, sai ɗan motsi idan yaron ya ja burushi a Photoshop. Takwas na baya kuwa sun cika taf. Gefe guda ram ya ƙure, faifan ajiya yana ta aiki ba ƙaƙƙautawa. Da na ɗago tagar manhajar ta dawo gaba, cikin daƙiƙu kaɗan huɗun farkon suka tashi. Na sauke, suka koma barci. Na maimaita har sau uku kamar mai wasa da makunnin fitila, sannan na juya na ba yaron haƙuri.

Mene ne 12 ɗin nan?

A cikin manhajar akwai layi ɗaya da na rubuta ban ko tsaya tunani ba. Na tambayi Environment.ProcessorCount, wanda na ɗauka yawan ƙwayoyin na'ura yake faɗa, duk lambar da ya ba ni na ƙirƙiri zaren aiki masu yawanta, na yanka jerin hotunan gida-gida daidai wa daida, kowane zare ya ɗauki kasonsa. Zare shi ne layin aiki guda da manhaja ke iya tafiyarwa a gefen sauran. A tsohuwar kwamfuta amsar 8 ce, kowa ya samu hoto 300. A sabuwa amsar 12 ce, kowa 200.

Ita wannan lamba ba yawan ƙwayoyi take faɗa ba. Yawan guraben da Windows zai iya zaunar da zare a kai take faɗa. Tun 2002 Intel ta shigo da dabarar Hyper-Threading, inda ƙwaya ɗaya ke nuna kanta a matsayin gurbi biyu. Kwatancinta mai shayi ne: mutum ɗaya, amma yayin da taliyar wannan ke dahuwa yana soya wa wancan ƙwai. Kwastoma biyu na ci gaba a lokaci guda, sai dai ba mutum biyu ne a bayan teburin ba, kuma in dukansu ƙwai suka nema, kasko ɗaya ne. A i7-7700 ƙwaya huɗu ce, kowacce gurbi biyu, duka jinsi ɗaya. Shi ya sa lissafin ya yi ta tafiya daidai shekara biyar ba tare da na san ina kan siraɗi ba.

Ita 1255U daga zuriyar Alder Lake take, wadda ta fara fita a ƙarshen 2021, kuma ƙwayoyinta jinsi biyu ne. Manya guda biyu, ƙirar Golden Cove, masu iya kaiwa gigahaz 4.7, kowacce da gurbi biyu. Ƙanana guda takwas, ƙirar Gracemont, iyakarsu gigahaz 3.5, kowacce gurbi ɗaya tak, kuma an haɗa su huɗu-huɗu suna tarayya a 'yar ma'ajiyar kusa mai megabait 2. Biyu sau biyu huɗu, a tara da takwas, 12. Ga akwatunan da na gani: huɗun farko na manyan ne, takwas na baya na ƙananan.

Wannan tsari ba baƙo ba ne, mu ne masu rubuta manhajar kwamfuta muka makara. Kamfanin ARM ya sanar da big.LITTLE tun 2011, kuma wayar da ke aljihun yawancinmu haka take. Helio G85, wadda ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da dama, ana tallata ta da ƙwaya takwas, amma biyu ne manya, shida ƙanana. M1 ta Apple, ta Nuwamban 2020, huɗu manya huɗu ƙanana. Hikimar a fili take: yawancin abin da na'ura ke yi a yini ƙaramin aiki ne, ba sai an tayar da ingarma don kai saƙo maƙwabta ba.

To wa ke yanke hukuncin wane zare zai zauna ina? Windows ne, da taimakon wani sashe a cikin firosesar mai suna Thread Director da ke ba shi rahoton irin aikin da kowane zare ke yi. Windows 11 kuma yana duba matsayin taga. Wadda ke gaba, mutum na aiki da ita, ita ce 'yar lele. Wadda aka sauke ƙasa, ba a ganin ta ba a jin sautinta, idan ana kan batir sai a tura zarurrukanta kan ƙananan ƙwayoyi, a kuma rage gudun zuwa inda ya fi tattalin caji. Microsoft ta rubuta wannan ƙa'ida a fili ga masu shirya manhaja. Na'urar ta yi abin da aka gina ta don shi, Kawu ma don tattalin wutar ya saye ta. Ni ne ban taɓa gaya mata cewa wannan taga da aka sauke ita ce dangin amarya ke jira ba.

Gayyar da aka raba tun kafin a fara

Bayanin farko da ya zo mini shi ne na gayya. A garin kakanninmu wajen Rimi, babu mai hankalin da zai auna gona ya raba wa majiya ƙarfi da dattawa da yara kaso daidai, ya ce kowa ya gama nasa. Samari za su gama su koma gindin bishiya, a bar tsoho da rabin kasonsa har rana ta faɗi, kuma ba a cewa an gama gona sai shi ya gama. Yadda ake yi kowa ya sani: ka kama kuyya, ka kai ƙarshenta, ka juyo ka kama ta gaba da babu kowa a kai. Mai ƙarfi ya yi biyar, tsoho ya yi biyu, a tashi tare.

Na ɗauka shi ke nan na kama ɓarawon: rabo daidai ga ma'aikata marasa daidaiton ƙarfi. Amma da na sa manhajar ta riƙa rubuta lokacin da kowane zare ya fara da lokacin da ya gama, sai na ga zancen ya fi haka karkata. Idan laftof na jone da wuta, taga na gaba, guraben duka a cike, tazarar gurbin babbar ƙwaya da na ƙarama ba ta kai yadda na zata ba, domin zare biyu ne ke raba babbar. Rabin ingarma bai fi jaki da nisa ba. Ban da haka, da zarar gurbin babba ya samu sarari Windows kan ɗauko wani zare daga ƙarama ya mayar can. Wato in an sakar masa mara, yana rufa wa irina asiri. Abin da ya sa na samu minti 22 a gida ke nan.

Ɓarnar da ta fi girma a cikin kuyyoyin kansu take. Hotunan bikin 2,400 ba jinsi ɗaya ba ne. Wajen 1,500 daga kyamarar Kawu suke, kowanne fiksil (ɗigon hoto) 6000 a 4000. Sauran 900 'yan uwan amarya ne suka turo ta WhatsApp don a haɗa a albam, an riga an matse su sun zama 'yan mitsi-mitsi. Sunayen na kyamara da DSC suke farawa, na WhatsApp da IMG, ni kuma bisa jerin haruffa nake yankawa. Ke nan zare bakwai na farko sun kwashi manyan hotuna zalla, na takwas rabi da rabi, huɗun ƙarshe kuwa 'yan ƙanana kawai, cikin minti biyu sun karkaɗe riga sun tafi. Wannan cuta tana nan tun ranar farko. A tsohuwar kwamfuta ma zare uku cikin takwas ba sa yin komai kirki, sai dai can duk inda nauyi ya faɗa, kan ƙwaya mai ƙarfi ya faɗa, mai shan wutar janareta yadda take so. A shagon Kawu kuwa nauyin ya faɗa kan ƙananan ƙwayoyi da aka rage wa gudu, manyan biyu suna gefe suna jiran burushin yaro.

Sai ram. Hoto mai fiksil miliyan 24, ko da fayil ɗinsa megabait 10 ne a kati, idan aka buɗe shi don aiki kowane fiksil na cin bait 4, wato megabait 96. Ni kuma saboda sakaci kwafi uku nake riƙewa a lokaci guda: na asali, wanda aka gyara wa haske, da mai tambari. Megabait 288 ke nan ga zare ɗaya. Zare takwas masu manyan hotuna sun haura gigabait 2. A ƙara Windows, da Photoshop, da burauza, da kason da sashen zanen allo ke gutsura daga ram ɗin, duk a cikin gigabait 8. Idan wuri ya ƙare, Windows kan fara kwashe kaya zuwa faifan ajiya yana dawo da su, faifai kuma ko mai sauri ne bai kama ƙafar ram ba. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma wannan sai in akwai inda kowa zai ajiye ƙafarsa.

Kwana biyu ina neman lambar da ba ta nan

A nan na yi wautar da ta fi ba ni kunya, domin ko bayan na ga duk wannan, zuciyata ta ci gaba da ce mini matsalar lambar ce: 12 ba daidai ba ce, nemo ta gaskiya.

Na fara da tsohuwar dabarar raba lamba biyu don a samu ƙwayoyin zahiri. Sha biyu a raba biyu shida. Shida ba ta dace da komai a cikin wannan na'ura ba, ba yawan manya ba ce, ba ta ƙanana ba, ba jimilla ba. Dabarar ta ginu ne a kan zaton kowace ƙwaya gurbi biyu gare ta, zaton da bai dace da irin wannan firosesa ba. Gaba ma abin ƙara rikicewa ya yi. Zuriyar Intel ta Meteor Lake ta Disamban 2023 ta zo da jinsi na uku, wasu ƙanana da suka fi ƙananan tattali, sannan Lunar Lake ta 2024 ta jefar da Hyper-Threading gaba ɗaya, har manyan ma gurbi ɗaya-ɗaya ne.

Na koma na tambayi Windows ta hanyar GetLogicalProcessorInformationEx, wadda ke jero kowace ƙwaya da wata alama mai suna EfficiencyClass, babbar lamba ga mai ƙarfi, ƙarama ga mai tattali. Amsa ta fito tsaf: biyu da takwas.  Sanin ba wuya. Abin yi da sanin ne ya gagare ni. Na gwada zare goma, kowane kaso ya koma 240, masu nauyin suka ƙara nauyi, lokaci ya ƙaru. Na gwada ɗaure zare huɗu a kan manyan ƙwayoyi kawai, na hana su motsi. Minti na farko abin kamar tsafi, sai fanka ta fara kuka, firosesar ta yi zafi ta sauke gudunta da kanta. Ita dai tana iya zabura har wat 55 na ɗan lokaci, amma ba ta zama a can, balle a ƙarƙashin kwanon Kawu. Na bar ƙwaya takwas suna zaman banza, na kuma ɗaure wa Windows hannu ya kasa taimako.

Tunanin ƙarshe da na yi shi ne in ba kowane jinsi ma'auni, in ce babba ta ɗauki biyu ƙarama ɗaya. Shi ma na watsar kafin in rubuta, don ma'aunin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya danganta da ko gurbin biyu na babbar a cike yake, ko ana kan batir, ko ƙarfe nawa ne na rana, ko yaron ya buɗe Photoshop. Lambar da ta yi daidai da hantsi ƙarya ce da azahar.

Abin da na gyara

Na daina rabo tun kafin a fara. Hotunan duka suka shiga layi guda, ConcurrentQueue, kowane zare ya ɗauki ɗaya, ya gama, ya dawo ya ɗauki na gaba. Wanda ya dace da babbar ƙwaya zai yi ta zarya, wanda ke kan ƙarama ya yi nasa a hankali, ba ruwan manhajar da sanin waye ina. Abin takaicin, .NET, wato kayan aikin da C# ke zuwa da su, na da Parallel.ForEach da ke rarraba aiki kaɗan-kaɗan tun 2010, ni ne da rawar kan ɗalibi na ga gara in yanka da hannuna. Na kuma jera layin manyan fayiloli a gaba, ƙanana a baya, don kada a zo ƙarshe a bar ƙaramar ƙwaya ɗaya da ƙaton hoto kowa na kallon ta. Gyaran nan bai kai layi talatin ba, kuma shi ya yi rabin aikin.

Yawan zarurruka kuwa yanzu tambaya biyu ke yanke shi. Gurbi nawa ne, a cire ɗaya don allo ya riƙa numfashi? Ram nawa ne a sake a wannan lokacin, kuma zare nawa zai ɗauka? Wadda ta fi ƙanƙanta ita ake bi. Na kuma rage kwafin hoto daga uku zuwa biyu, ana sakin na asali da zarar an gama da shi. A laftof ɗin Kawu, in Photoshop na buɗe, yawanci zare shida ko bakwai ake samu, in an rufe shi 11. Lambar guraben tana nan a lissafin, amma ta koma rufi kawai, iyakar da ba a wucewa.

Saura maganar sauke taga. Akwai kira mai suna SetProcessInformation da manhaja ke iya yi ta ce wa Windows kada ya rage mata gudu ko tana ɓoye. Na sa shi, na je da murna na nuna wa Kawu: a kan batir, taga a ƙasa, yaro na goge ƙuraje, biki ya fita cikin minti 20 da 'yan kai. Sai ya leƙa kusurwar allo ya ga abin da cajin ya koma.

"To, injiniya, in ta shanye batirin da azahar, da mi za mu yi aikin yamma? Da bakinka?"

Gaskiyarsa. Na shagala da agogo na manta dalilin sayen na'urar. Ba kullum dangin amarya ke zaune a shago ba. Mafi yawan ranaku ana iya barin aikin ya tafi a hankali yayin da ake wani abu, kuma a irin wannan rana zaman zarurruka a kan ƙananan ƙwayoyi shi ne daidai. Manhaja ba ta da hanyar sanin wace rana ce wannan, Kawu ne ya sani. Sai na sa maɓalli biyu a maimakon "fara" guda. Ɗaya na rubuta masa Gaggawa, shi ke yin wancan kira. Ɗayan Lallaɓa, shi kuma akasin haka yake yi, yana gaya wa Windows da bakinsa cewa wannan aiki ba na sauri ba ne, a ba shi ƙananan ƙwayoyi ko da taga na gaba. Da Lallaɓa bikin nan na hoto 2,400 kan ɗauki wajen minti 45, laftof ba ta ko ɗumi sosai. Da Gaggawa a kan wuta, minti 15. Ledar teburin ma na sa an yanke, aka ɗora laftof ɗin kan marafan kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙasanta.

Minti goman da Kawu ya lissafa tun farko dai ba mu kai ba, kuma ƙwayoyi ba su da hannu a wannan. Da na sake duba Task Manager bayan gyara, sai na ga akwatunan suna hawa suna sauka kamar masu jiran wani abu. Katin kyamara suke jira. Abin karanta katin da Kawu ke amfani da shi tsoho ne mai USB 2.0, wanda a aikace bai cika wuce megabait 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba. Gigabait 15 na hotunan kyamara, a wannan gudu, minti takwas ne na karatu kawai, ko ƙwaya ɗari ce a ciki. Gene Amdahl ya faɗi wannan tun 1967: ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar saurin da ƙarin ma'aikata zai kawo.

Na ce, "Kawu, saura abu ɗaya. A sayi sabon abin karanta kati mai sauri, irin mai bakin shuɗin nan. In da hali kuma a ƙara ram."

Ya ɗaga tsohon, wanda aka naɗe wa wuya da salatif baƙi, ya juya shi a hannu. "Wannan tun kana firamare yake aiki. Mi ya yi maka?"

Har yau shi ne a jone. Yaron shagon ya samo nasa maganin: yana kwafe katin zuwa cikin laftof tun suna kan hanyar dawowa daga wurin biki, a bayan Keke Napep, kafin su iso Ƙofar Ƙaura an gama. In sun shigo ya danna Lallaɓa, ya tafi sallar azahar.